Jini a Kan Ciki: Tambayar Malam Daban, Ta Ungozoma Daban

Sharhinmu na yau ya shafi wata magana da mata suka saba yin ta ƙasa-ƙasa a tsakaninsu, wadda ba kasafai take isa kunnen maigida ba sai bayan ta ɓaci. Maganar ita ce jinin da mai juna biyu take gani. Daga Kalakla Gubba zuwa Kalakla Laffa a kudancin Khartum, har a haye Farin Nilu a shiga Omdurman, da wuya a sami unguwar da ba a taɓa jin wata ta ce, "Ai ni ina al'ada a kan ciki, haka jikina yake," ba. Wata ma ta ƙara da cewa gado ta yi, haka gyatumarta ta yi ta fama, kuma duk ta haife su lafiya. Abin da wannan sharhi yake son tabbatarwa guda ɗaya ne. Duk jinin da ya fito wa mai ciki, kaɗan ne ko mai yawa, da ciwo ko babu, jini ne da ya kamata masani ya duba a ranar da aka gan shi. Hukuncin da malam zai bayar game da sallarta da azuminta yana nan a matsayinsa, amma bai ɗauke mata zuwa wurin ungozoma ko likita ba. Tambayoyi biyu ne, kowace da mai amsa ta, kuma cakuɗa su yana cikin abubuwan da ke cin rayukan mata.

Mu fara da yadda Allah ya tsara jikin. Kowane wata mahaifa takan yi shimfiɗa mai taushi cike da jini a bangonta, tana jiran ƙwai. In ciki bai shiga ba, sinadarin da ke riƙe da shimfiɗar sai ya ja baya, ita kuma ta sauko, wannan shi ne jinin al'ada. In ciki ya shiga kuwa, sinadarin ƙaruwa yake yi, domin a kan wannan shimfiɗar ɗan tayi zai kafu har wata tara. Saboda haka a wurin masana lafiya, rashin ciki ne ke kawo al'ada, su biyun ba sa zama tare. Wannan ba ya nufin matan da suka ce sun ga jini ƙarya suke yi. Sun gani ƙwarai. Likitocin mata sun ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin huɗu takan ga jini a watanni ukun farko. Wani ɗigo ne kawai na lokacin da ƙwai ke mannewa a bangon mahaifa, kuma yakan faɗo kusa da ranakun da mace ta saba gani, shi ya sa take ɗauka baƙon watanta ne. Wani daga bakin mahaifa yake, domin wurin yakan yi laushi ya tara jini, har kwanciyar aure ma ta sa shi ɗigo. Wani kuma ciwon sanyi ne. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, masu kisa ma da irin wannan ɗigon suke yin sallama.

Ɗauki cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda yakan sami ciki ɗaya ko biyu a cikin ɗari. Ƙwai yakan maƙale a siririyar hanyar da ke kai shi mahaifa, ya ci gaba da girma a wurin da ba a yi shi don ɗaukar ɗa ba. Mace za ta ga wata ya ɗan wuce ta, sai ga jini baƙi-baƙi ɗan kaɗan, sai ta ce al'ada ce ta makara. Daga nan mara ta fara suka ta gefe guda. Ranar da hanyar ta fashe, jinin ba waje yake fita ba, cikin cikinta yake taruwa. Tsummanta ba zai nuna komai ba, amma za a ga tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari fat, gumi mai sanyi yana keto mata, kan kafaɗarta yana ciwo, in ta miƙe jiri ya kwashe ta. Mutanen gida za su ce ai jinin bai taka kara ya karya ba, alhali jininta ƙarewa yake yi a ɓoye. Da an yi gwajin fitsari da hoton ciki tun ranar ɗigon farko, sau da yawa allura ko ƙaramar tiyata ta wadatar.

In ciki ya tsufa kuwa, manyan haɗurra biyu duk daga mabiyiya suke. Na farko shi ne ta zauna a ƙasa ta tare ƙofar mahaifa, abin da ke faruwa a kusan ciki ɗaya cikin 200, kuma ya fi samun wadda ta yi haihuwa da yawa ko aka taɓa yi mata tiyatar haihuwa. Jininsa ja ne jawur, ba ya zuwa da ciwo ko kaɗan, mace tana iya farkawa cikin dare ta tarar zanenta ya jiƙe. Sai ya tsaya da kansa, hankali ya kwanta, bayan mako ɗaya ko biyu ya dawo ya fi na farko. Wannan tsayawa da dawowa shi ne ke sa a rantse al'ada ce. A irin wannan hali, sa hannu a duba daga ƙasa yana iya ɓalle jinin da ba za a iya tsayarwa ba, shi ya sa ƙwararriyar ungozoma ba ta taɓawa sai an yi hoto. Na biyu shi ne mabiyiya ta ɓanɓaro daga bangon mahaifa tun ɗa bai fito ba, kuma hawan jini ko faɗuwa ko duka suna cikin abubuwan da ke jawo shi. Ciki yakan sandare ya yi tauri, ciwo ba sassauci, motsin ɗa ya ragu. Masana sun ƙiyasta cewa zubar jini mai tsanani kafin haihuwa tana iya kashe mace cikin kimanin awa 12 in ba a kai mata ɗauki ba.

To ina batun addini? A nan ya kamata a yi adalci, domin mutanenmu ba daga iska suka ɗauko maganar ba. Mafi yawan mutanen Sudan, kamar Hausawa a ko'ina, mazhabar Imamu Malik suke bi, kuma a wannan mazhaba mai ciki tana iya yin haila. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san marubucinsa ya ware wa mai ciki lissafinta, kimanin kwana 15 in ciki ya wuce wata uku, kimanin kwana 20 in ya wuce wata shida, abin da ya zarce haka ya zama jinin ciwo. Shafi'awa ma a sananniyar maganarsu sun tafi a kan haka. Hanafawa da Hambalawa kuwa sun ce jinin mai ciki jinin ciwo ne, ta ci gaba da sallarta, kuma cikin hujjojinsu har da cewa shari'a da kanta ta sanya ganin haila ya zama shaidar babu ciki. Saɓani ne tsoho tsakanin manyan malamai, kuma wannan sharhi bai zo raba gardamar ba. Abin lura shi ne tambayar da dukkansu suke amsawa: shin wannan baiwar Allah za ta yi salla, za ta yi azumi, mijinta zai kusance ta? Babu ɗayansu da ya zauna don ya faɗa mata inda mabiyiyarta take kwance.

Wanda ya karye a ƙafa ya aika wa malam tambaya, malam ya ce ya yi sallarsa a zaune, amsar ta yi daidai, amma ba ta ɗora ƙashin ba, dole a nemi maɗori. Haka lamarin mai ciki yake. Haɗarin yana shigowa ne lokacin da lissafin kwanakin ibada ya rikiɗe ya zama lissafin jira. Mace mai cikin wata bakwai ta ga jini, aka ce mata tana da kwana ashirin kafin a kira shi ciwo, sai ta ajiye salla ta zauna tana ƙirga kwana, ita a ganinta tana kan ƙa'ida. In mabiyiya ce ta tare hanya, kwanakin nan ashirin su ne tazarar da ke tsakanin jinin gargaɗi da jinin da zai kwantar da ita. Malaman da suka rubuta littattafan nan sun gina lissafinsu ne a kan abin da matan zamaninsu suka gani suka faɗa, a lokacin da babu na'urar da ke leƙa cikin mahaifa. Su ne kuma suka koyar da cewa kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma a kowane fanni a koma wa masu saninsa. Wanda ya fake da fatawa ya hana matarsa zuwa asibiti, ya ɗora wa malamai abin da ba su faɗa ba.

Ban da fatawa, akwai bayanan gargajiya da su ma suke sa a zauna. A wurin Hausawa, in mai ƙaramin ciki ta yi jini sannan cikin ya daina girma, sai a ce ciki ya kwanta, a shiga neman maganin tayar da shi. A wurin likitoci, sau da yawa abin da ya faru shi ne ɗan tayin ya rasu bai fita ba, ko an yi ɓari wani abu ya saura, kuma abin da ya saura yana iya ruɓewa ya kawo zazzaɓi da zubar jini. A wurin maƙwabtanmu na bakin Nilu akwai abin da suke kira mushahara, wanda masaniyar al'adu 'yar Kanada, Janice Boddy, ta yi bayaninsa a 1989 daga wani ƙauye a arewacin Sudan: imanin cewa in wanda ya dawo daga jana'iza ko ya ga jinin yanka ya shigo wa macen da ke cikin rauni, jini zai ɓalle mata, don haka ake sa mata zoben zinare don kariya. Daga nan sai a dafa hulba, a jiƙa ganyen harjal, a yi tofi a ruwa. Addu'a ba ta taɓa zama laifi ba, kuma kakar da ta ɗora tukunya ƙauna ce ta sa ta. Amma kowane ɗayan waɗannan yana cin awoyi, kuma awoyin nan su ne jarin mai zubar jini.

Wata za ta ce, "Mun ji, amma ni na yi jini a ciki uku, ga 'ya'yan nan suna yawo." Gaskiya ne, kuma da yawa daga matan da suka ga ɗigo a farkon ciki lafiya suke sauka. Sai dai masu ba da wannan shaida su ne waɗanda suka rayu. Wadda hanyar ƙwai ta fashe mata cikin dare ba ta nan balle ta faɗi nata, an ce ajali ne an rufe zancen. Kuma babu wata gogaggiyar tsohuwa da za ta dubi tsumma ta bambance ɗigon banza da ɗigon ajali, domin a ranar farko kamarsu ɗaya. Wani kuma zai ce, in ɓari ne ai asibiti ba ta iya tsayar da shi, me za a je yi? A nan ma akwai ƙamshin gaskiya, domin mafi yawan ɓarin farkon ciki daga halittar ɗan tayin ne, ba ɗaukar tulu ko hawa raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, ya jawo ba, kuma bai kamata a ɗora wa mace laifi ba. Amma zuwan don uwa ne. A tabbatar cikin yana cikin mahaifa, a tabbatar babu abin da ya saura, a auna yawan jininta, a kuma san rukuninsa. Akwai matan da jininsu ke da rukunin da ke yaƙar jinin ɗan da suke ɗauke da shi, kuma allura ɗaya cikin kwana uku bayan zubar jini tana kare 'ya'yan da za su zo nan gaba.

Suka mafi nauyi ita ce ta wanda zai ce, wace asibitin? Wannan tambaya ce ta mutumin da ya ga abin da ya gani. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗin cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na cibiyoyin lafiya a wuraren da ake faɗa sun daina aiki. Asibitin Dayat na Omdurman, wanda aka buɗe a 1957 kuma shi ne babban asibitin haihuwa a ƙasar, ya daɗe a rufe bayan ɓarkewar yaƙin. A nan Kalakla, Asibitin Turkiyya ya ci gaba da karɓar haihuwa da tiyata tare da likitocin ƙungiyar MSF, har zuwa Yuli 2024 da ƙungiyar ta kwashe ma'aikatanta saboda barazana ga rayukansu. A Janairu 2025 ta dakatar da aikinta a Asibitin Basha'ir da ke kudancin Khartum. Mata da yawa sun haihu a ɗaki cikin duhu, wasu sun cika a hanya tsakanin shinge da shinge. Ko kafin yaƙin, ƙiyasin 2020 ya nuna mata 270 ke rasuwa a Sudan cikin kowace haihuwa 100,000. A duniya baki ɗaya mata kimanin 260,000 suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a 2023, kuma zubar jini ce kan gaba, da fiye da rubu'in adadin. Ga yunwa da zazzaɓin cizon sauro sun rage wa mata jini tun kafin ɗigo ɗaya ya fita.

Amma in aka duba da kyau, wannan hujjar goyon bayan maganarmu take yi. A 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka nuna cewa jinkiri uku ne ke kashe masu ciki: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Yaƙi ya tsawaita na biyu da na uku, kuma ko bayan da sojoji suka karɓe Khartum a Maris 2025 mutane suka fara komawa gidajensu, gyaran asibitoci da hanyoyi ba aikin kwana ɗaya ba ne. Jinkirin farko kaɗai ke hannun mutanen gida. In hanya za ta ci awa uku, neman jini ya ci awa huɗu, to gidan da ya ɓata yini yana shawara ya cinye rabon matarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki yana ƙarami a san wace asibiti ce ke aiki yanzu kuma take tiyata da dare. A riƙe lambar mai raksha ko mai ƙaramar motar haya ta amjad na unguwa wanda zai fito ko ƙarfe nawa ne. A ware kuɗi, a hannu ko a manhajar banki ta Bankak, waɗanda ba a taɓawa. A san 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini. A je awo, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce ya kai sau takwas, da hoto aƙalla ɗaya kafin mako 24.

In jinin ya zo, abin yi ba shi da wuya. Ta kwanta ta gefen hagu, kada a cusa komai, kada a murza ciki, kada ta zauna a kan dukhan, wato turaren hayaƙi na mata. A ɗauki katin awo, a naɗe tsumman da suka jiƙe a tafi da su, domin ungozoma ta fi gane yawan jini da idonta fiye da "ɗan kaɗan ne" da kunya ke sa mace ta faɗa. In ƙunzugu yana jiƙewa cikin awa guda, ko ana ganin guda-guda, ko akwai jiri, zazzaɓi, ciwo mai tsanani, ko cikin ya wuce rabi, ba a jiran gari ya waye. Kuma kada wani ya ce wannan ilimi sai 'yan boko. A 1921 aka buɗe makarantar ungozoma a Omdurman ƙarƙashin Mabel Wolff, kuma yawancin ɗalibanta na farko ba su iya karatu ba. Da shinshina da ɗanɗano da taɓawa suka koyi bambance magunguna, suka ɗauki akwatunansu suka shiga ƙauyuka, daga cikinsu aka sami irin su Sitt Batul Muhammad Isa da ta zama malama a makarantar. In matan da ba su san baƙi ba sun riƙe alamomin haɗari shekara ɗari da suka wuce, babu uwar miji ko kishiya ko maƙwabciyar da za ta kasa riƙe su yau.

Saura kira ga masu iko a kan lamarin. Maigida, ka ba iyalinka izini tun yau, a gaban mahaifiyarka, cewa duk ranar da ta ga jini ta fita ko kana nan ko ba ka nan, domin da yawa daga mazan Kalakla neman abinci ya kai su Port Sudan ko Masar ko Saudiyya, kuma waya ba kullum take shiga ba. Iyayenmu mata, kunyar cikin fari ado ce, amma ku faɗa wa amarya cewa jini ba ya cikin abin da ake ɓoyewa. Hukumomin lafiya da ƙungiyoyin agaji da matasan ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni, ku sa ma'ajiyar jini da na'urar hoto da ungozoma mai albashi a sahun farko na abin da za a maido kudancin Khartum. Malamanmu kuma, ku ne aka fi zuwa wa da wannan tambaya, sau da yawa ta bakin miji bayan sallar magariba. Ku ba da hukuncin kamar yadda yake a littafi, sannan ku ƙara jimla ɗaya: "A kai ta a duba ta yau." Sau da yawa maganar malam ce ke fitar da mace daga gida a inda ta likita ba ta isa ba. Sharhin ke nan, jama'a, Allah ya sauki masu ciki lafiya. A huta lafiya.